Gonar Aro da Gonar Gado: Labarin Sararin Samaniya a Littafin Zane

Laccar da aka gabatar ga ɗaliban sakandare da malamansu da iyayensu a ƙasar Ɗambatta

Shugaban taro, mai girma dagaci ranka ya daɗe, malamanmu limamai Allah ya gafarta muku, shugaban makaranta da 'yan'uwana malamai, iyayenmu maza da mata, sai ku ɗalibai, waɗanda dominku aka kira ni.

Da na faɗa wa wani abokina abin da zan yi magana a kai yau, sai ya ce da ni: “Malam, mutanen da ke lissafin damin gero da kuɗin taki za ka je ka yi wa zancen littafin zane na yaƙin taurari?” Na ce masa su ɗin dai, domin jarumin labarin nan da duniya ta shekara kusan 50 tana saye, ɗan manoma ne.

A ranar 25 ga Mayu 1977 aka fara nuna wani fim a Amurka mai suna Star Wars, wato yaƙin taurari, wanda George Lucas ya shirya. Wasunku sun gan shi a waya. Wanda bai gani ba ma ya taɓa cin karo da hoton mutumin nan mai baƙin kwalkwali a jikin jakar makaranta ko rigar gwanjo. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne asalin yaron da labarin ya tsaya a kansa. Luke Skywalker ɗan ƙauye ne da ya tashi a hannun baffansa da matar baffan, a wata duniya mai rana biyu, busasshiya, rairayi ko'ina. Sana'ar gidan ita ce tatsar ruwa daga iska da wasu na'urori da aka kakkafa a fili. Yaron yana so ya tafi makarantar koyon tuƙin jirgi, baffan yana cewa ya ƙara haƙuri a yi kaka ɗaya tukuna, hannu bai isa ba a gona. Ku gaya mini, daga nan zuwa Makoɗa, zuwa Kunchi, zuwa Tsanyawa, wane gida ne ba a taɓa yin wannan jayayya ba? Ko ƙasar da aka nuna a matsayin waccan duniya, a nahiyarmu take. A Tunisiya aka ɗauki hoton, a gidajen garin Matmata da ake haƙawa cikin ƙasa, kuma sunan duniyar an samo shi ne daga garin Tataouine na kudancin ƙasar.

Amma ba fim ɗin ne ya kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne yadda aka yi labarin bai mutu ba.

Fim yana cin shekaru da miliyoyin daloli. Na biyu sai 1980, na uku sai 1983, daga nan kuma aka shekara 16 babu sabo a silima, sai 1999. Yaron da ya kalli na farko yana ɗan shekara 10, kafin 1999 ya zama magidanci. Me ya riƙe shi? Babban abin da ya riƙe shi shi ne takarda. Tun a watan Afrilu 1977, kafin ma fim ɗin ya fito, kamfanin Marvel ya fara buga labarin a ƙaramin littafin zane da ake sayarwa santi 30. Roy Thomas ne ya rubuta, Howard Chaykin ya zana. Fitowa shida na farko sun bi fim ɗin sau da ƙafa. Daga ta bakwai kuwa sai marubuta suka shiga inda fim bai taka ba: ina jaruman suka nufa bayan an gama biki, wa suka haɗu da shi, wane bashi ke kansu. Haka aka yi ta yi har fitowa 107, aka tsaya a 1986.

Bayan 'yan shekaru na shiru, a ƙarshen 1991 wani ƙaramin kamfani mai suna Dark Horse ya fito da Dark Empire, fitowa shida, rubutun Tom Veitch da zanen Cam Kennedy. Labarin ya ɗora ne shekara shida bayan inda fim na uku ya tsaya. Azzalumin sarkin da kowa ya ɗauka ya mutu sai ga shi ya dawo a cikin sabon jiki da aka ƙera daga ƙwayar halittarsa, shi kuma Luke ya shiga wajensa da niyyar ya karya shi daga ciki, har ya kusa hallaka kansa. Kamfanin ya ci gaba da buga irin waɗannan littattafai har ƙarshen 2014, wasu sun koma dubban shekaru baya, wasu sun yi gaba zuwa zamanin jikoki.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi kowa fahimtar wannan hikima, ko da ba su taɓa riƙe littafin zane ba. Ƙasar nan tamu ba ta san hutu ba. A wasu wurare manomi kan bar gona ta yi saura shekara uku ko biyar ya koma wata. Mu nan ina filin? Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, kowace shekara sai an shuka. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda ƙasa mai ɗauke da jama'a haka take ciyar da su shekara da shekaru ba ta mutu ba. Amsar da ya samu kakanninku sun riga shi sani: taki. Jaki ya shiga birni da itace, ya dawo da mangalar shara. Kashin awaki da tumaki, tokar murhu, gawo da aka bari a tsakiyar gona, wake a gindin gero. Kaɗan-kaɗan, amma kowace shekara. To, littafin zane shi ne mangalar takin wancan labari. Ba shi da tsada, ba shi da ƙyalli irin na fim, amma wata-wata yana zuwa, shi ya sa da masu fim suka dawo suka tarar da gonar da danshinta.

Yanzu ga ɓangaren da nake so ku riƙe da kyau, ku ɗalibai masu zane a bayan littafin lissafi. Na san kuna nan, na ga littattafanku.

A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin George Lucas a kan dala biliyan 4 da 'yan kai. A watan Afrilu 2014 aka ba da sanarwa cewa littattafan da aka yi ta rubutawa shekara da shekaru, na zube da na zane, ba su cikin ainihin labarin kuma. An ba su wani suna mai nufin tatsuniyoyin da, aka ajiye su gefe. Aka karɓe izinin bugawa daga Dark Horse aka mayar wa Marvel, wanda shi ma tun 2009 mallakar Disney ne. A watan Janairu 2015 aka fara sabon jeri da rubutun Jason Aaron da zanen John Cassaday, fitowar farko kaɗai ta haura kwafi miliyan 1. A fim ɗin 2019 kuma sai ga azzalumin sarkin nan ya sake dawowa daga mutuwa, dabarar da masu karatu suka riga suka gani a takarda tun a Dark Empire.

Ba wanda ya karya doka a nan, mai abu ne ya yi iko da abinsa. Amma ku duba ta fuskar marubutan. Mutum ya shekara 20 yana kai taki, ya cire ƙaya, ya dasa itace, ran nan mai gona ya ce bana zan noma kayata. Kowa a nan ya san sunan wannan: gonar aro. Ba a gina rumbu a gonar aro, ba a dasa mangwaro a cikinta. Idan ɗayanku ya zauna ya zana Luke Skywalker da rawani yana Hausa, ya yi atisaye mai kyau, hannunsa zai faɗa, amma ba zai iya kai shi kasuwa da sunansa ba, domin akwai masu shi, kuma suna da lauyoyi. Bayan haka, labarin yana ɗauke da tasa aƙidar, wani ɓoyayyen ƙarfi mai fuska biyu da ake cewa shi ke riƙe da halitta. Wannan ba abin da muka yi imani da shi ba ne, kuma ba abin da za mu ɗora 'ya'yanmu a kai ba ne.

Akwai wani abu kuma da ya daɗe yana damuna game da shi. A labarin, an ƙone gonar, an kashe baffan da matarsa, yaron ya tafi bai sake komawa noma ba. Duk abin da ya koya a gona bai zama shi ne makaminsa ba. Gona a wurinsu wuri ne da jarumi ke tserewa daga gare shi. Yaron Ɗambatta da ya sha irin wannan labari sau ɗari, me zai ɗauki garmar ubansa?

To, muna da gonar gado? Muna da ita, kuma ta fi yadda kuke zato faɗi.

Lokacin da Amurka ta fara tura mutum ya kewaya duniya a kumbo, sai da ta kafa tashoshi a sassan duniya masu bin sawunsa suna magana da shi. Ɗaya tana Zanzibar, ɗaya kuma tana nan Kano. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano tana cikin masu sauraronsa. A 1963 Najeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon da tashar. A ranar 23 ga Agusta na shekarar kuma, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta waya ta hanyar tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2, karon farko da shugabannin ƙasa biyu suka yi haka. Da aka sauka a kan wata a watan Yuli 1969, abin bai wuce mu ba. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a shekarar, har gobe Apolo muke ce masa. Kalmar kumbo kanta tamu ce, muka ɗauko ta muka ɗora wa sabon abu, ta zauna daram.

A wannan shekara ta 1969 ne kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Ku lura da shekarar: shekara takwas kafin Star Wars. Labarin wani yaro ne, Kilba, da ya haɗu da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, suka yi tafiya ya ga abin da idon ɗan ƙauye bai taɓa gani ba. Ina firamare na karanta shi, a kwafin da bangonsa ya riga ya cire, mu huɗu muke karɓa-karɓa. Na tuna daren da na gama, na fita tsakar gida na kwanta a tabarma ina kallon sama har mahaifiyata ta yi mini magana. Washegari na tambayi malaminmu ina na biyu. Ya ce babu na biyu.

Wannan amsa ita ce dalilin tsayuwata a gabanku. Masu Star Wars sun buɗe ƙofa a 1977, suka sa ɗaruruwan marubuta da masu zane suka yi ta shige da fice har yau. Mu an buɗe mana tamu tun 1969, muka leƙa, muka ja ta muka rufe. Kuma ba don ba mu iya dogon labari ba ne. Abubakar Imam ya yi Magana Jari Ce littafi uku. Marubutan Kano tun daga shekarun 1980 sun saba mana da littafi na ɗaya, na biyu, na uku, mai karatu na zarya wajen mai shago yana tambayar ci gaba. Masu littattafan yaƙi suna jan labari guda har ya cika kwali. Fina-finai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina sun nuna cewa Bahaushe zai bi labari shekaru bai gaji ba. Jan labari a jininmu yake. Sama ce kawai muka daina ɗaga kai muna kallo in mun zo rubutu.

Alhali manomin ƙasar nan bai taɓa daina kallonta ba. Malaman hisabi sun raba shekara taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya daga ciki yana da 14, ka sami kwana 365 cif. Dattawan da ke wurin nan za su jero muku na damina ba tare da duba takarda ba: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Da su ake sanin lokacin da shuka ta yi latti da lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa. Muna da Zara matar wata, muna da Gamzaki mai fitowa da asuba, muna da Kaza da 'Ya'yanta. Masana sun auna cewa hasken Kaza da 'Ya'yanta yana shekara sama da 400 a hanya kafin ya iso idonmu. Wato hasken da za ku gani in ta fito, ya baro can tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, da shekaru masu yawa. A Alƙur'ani mai girma akwai surori da ke ɗauke da sunan tauraro da wata da rana. Wa zai ce mana zancen sama baƙo ne a gidanmu?

Bari in nuna muku irin labarin da nake nufi, don kada a ce na yi ta faɗa ban kawo ko ƙwaya ba.

Ku ɗauki ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarsa kamar ƙura take, tsiro ɗaya yana zubar da dubun dubata. Tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta motsa ba. Ba ruwa kaɗai ke tashinta ba, sai ta ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Da ta ji, sai ta tsiro a ɓoye ta kama saiwar ta yi ta tsotsa, kafin ka ga kanta a waje da furen nan nata mai kyau, ta riga ta gama da shukar. Na rantse ban ga dodon da masu fim suka ƙera da ya kai wannan ban tsoro ba. Kuma maganinsa ma labari ne: akwai amfanin gona, irin su waken suya da auduga, da ke fitar da sinadarin da zai yaudari ƙwayar ta tsiro, ta rasa abin kamawa, ta mutu.

Yanzu ku ɗauko wannan ku sa a jirgin da ke ɗauke da mutane da iri zuwa duniyar Mars, wadda malaman hisabi ke kira Mirrihi. Tafiyar kusan wata bakwai ce. Can iska ba ta shaƙuwa, sanyi ya wuce misali, kuma akan yi guguwar ƙura da ke rufe duniyar baki ɗaya. Irin wannan guguwa ce a 2018 ta tare wa wata motar bincike mai suna Opportunity hasken rana, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba. Duk wanda ke da farantin sola a gidansu ya san abin da hazo ke yi masa. To, a ce geron da mutanen jirgin suka dogara da shi ya fara ƙeƙashewa, manyan masana sun duba ganye sun duba ruwa ba su ga komai ba, sai wata yarinya 'yar Minjibir, wadda ta taso kusa da gonar gwajin wake ta cibiyar IITA, ta tuna abin da kakarta ke yi, ta tona gindin shukar. A wannan labari gona ba wurin gudu ba ce. Ita ce ta ceci jirgin. Ga fitowa shida nan a hannunku, ba ku harba bindiga ko ɗaya ba.

Me ya sa na nace sai da zane? Domin zane yana shiga inda rubutu zalla ba ya shiga. Ƙaninku ɗan aji biyu da ke haɗa baƙi da ƙyar zai bi hoto ya kai ƙarshe, a hanya ya tsinci kalma 20. Gwaggonku da ba ta yi boko ba za ta karɓa ta duba. Kuma tsarinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ban ruwa a bakin dam ɗin Thomas ko na Watari. Shafin littafin zane fangali-fangali ne. Yadda mai lambu ke buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan, haka mai zane ke jan idon mai karatu daga wannan gida zuwa na gaba. In ka cika fangali da yawa ruwa ya ɓalle, in ka cika gida da magana ido ya gaji. Wanda ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami, ya jera gidajen daga dama zuwa hagu. Mutanen Japan ma daga dama suke karanta nasu, kuma duniya na saye.

Hannun zane kuwa muna da shi tun kaka da kakanni. Ku dubi allon zayyana na mai saukar Alƙur'ani, ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ku dubi dagi a goshin soro, da zanen ƙwarya, da ɗinkin hula. Jirgin sararin samaniyar da Bahaushe zai zana bai kamata ya yi kama da na Amurka ba. Ya ɗauko siffar rumbu, ya ɗauko zankwaye.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu iyaye, kuma tambaya ce mai nauyi: zanen abu mai rai. Ba zan tsallake ta ba, ba kuma zan yi shisshigi a kanta ba. Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune a sahun gaba, kuma ina roƙon duk ɗalibin da zai fara wannan aiki ya je ya durƙusa gabansu ya tambaya kafin ya fara. Abin da zan ƙara kawai shi ne, a kai musu tambayar da cikakken bayani: littafi ne na koyar da yara, irin zanen da ke cikin littattafan firamare da takardun asibiti da Magana Jari Ce. Iyakar da suka shata, a tsaya a kanta. Ko a cikin iyaka mafi ƙunci, akwai taurari, akwai jirage, akwai gonaki, akwai gine-gine.

Wasu sun riga mu fita. Wani ɗan Najeriya, Roye Okupe, ya fitar da littafin zane mai suna Malika a 2017, labarin sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. A 2021 kamfanin Dark Horse, wanda ya shekara fiye da 20 yana buga Star Wars, ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa. Na yi murna da shi ƙwarai, ya noma tasa gonar. Amma da Turanci ya rubuta, yarinyar Bichi da ke da sunan Amina ba za ta karanta ba sai an fassara mata. A 2013 kuma an juya fim ɗin Star Wars na farko zuwa harshen Navajo na Amurka, wanda masu jin sa ba su kai dubu 200 ba. Mu da ake ƙirga mu da miliyoyi daga nan har Maradi da Agadas da Kumasi da Sudan, me muke jira?

Kada wani ya ce sai gwamnati ta kawo kuɗi. Takarda shida in ka naɗe su biyu sun ba ka shafi 24, kusan tsawon fitowa guda ke nan ta irin waɗancan littattafai. Biro baƙi, fensir, abin gogewa, ruwla. Mutum uku sun isa: mai labari, mai zane, da mai kyan rubutun hannu da zai cika maganganu. Malamin kimiyya ya duba kada a yi ƙarya a kan tazara ko iska ko tsiro, domin ƙagaggen labarin kimiyya ƙage ne a kan mutane, ba a kan ilmi ba. Malamin Hausa ya duba ƙa'idar rubutu. A kai wa mai hoton takarda ya buga 30. A ɗauka da waya a tura ta WhatsApp. Abu ɗaya ne mai wuya, kuma shi ne gaba ɗayan sirrin: fitowa ta biyu ta zo a ranar da aka yi alkawari, ta uku ma haka. Kuma tun ranar farko ku rubuta a takarda wa ya ƙirƙiri wa, wa ke da me, kowa ya sa hannu a gaban shugaban makaranta, don kada abota ta ɓaci ran da abin ya fara kawo kuɗi.

Wanda kuma zuciyarsa ta kwanta da Kilba da Kolin Koliyo, yana son ya ɗora daga inda aka tsaya, ya sani wannan ma gona ce mai masu ita. A nemi izinin masu haƙƙin littafin da kamfanin da ya buga shi, a rubuce, kafin a sa fensir. Ladabi ke nan, doka ke nan.

A shekarar da Star Wars ya fito, 1977, Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kuma 'ya'yan manoma da yawa sun bi ta nan sun zama likitoci da injiniyoyi. Yaro ba ya neman abin da bai taɓa hangowa ba. Iyayena, in kun ga ɗa ko 'ya na zane bayan an dawo daga gona an yi karatun allo, kada a yaga takardar. A tambaye shi me ya zana. Malamai 'yan'uwana, ku ba su awa ɗaya a mako da kusurwa ɗaya a ɗakin karatu. Ranka ya daɗe, muna roƙon ka sa albarka, ka kuma ba dattawa umarni su zauna da yaran nan su koya musu taurarin damina da sunayensu, a rubuta tun masu sani suna raye.

Ku kuma ɗalibai, tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley ta bayyana a 1986, lissafin masana ya nuna za ta dawo a 2061. Da yawanku za ku gan ta in Allah ya ba da rai. Ni ba 2061 nake jira ba. Shugaban makaranta ya san inda nake. Kafin ruwan farko ya sauka, ku aiko mini da fitowa ta ɗaya, shafi 24, da Hausa, da sunayenku a bango. Kwafi 10 na farko ni zan saya.